Mutum Tara Yake, Bai Cika Goma Ba: Tuba da Alherin Allah Cikin Tarihin Kiristanci a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Hausawa sun ce mutum tara yake, bai cika goma ba. Abin nufi, kome ilmin mutum, kome tsoronsa ga Allah, ba a rasa shi da wata kasawa. Wannan magana kowa ya yarda da ita a baki, amma da zarar an zo rubuta tarihin magabata, musamman magabatan addini, sai a manta da ita. Masoya su wanke mutum tas har ya zama kamar bai taɓa kuskure ba, maƙiya kuwa su shafe shi da baƙi har a rasa dalilin da ya sa aikinsa ya ɗore.

Manufar wannan lacca ita ce a bi sawun Littafi Mai Tsarki na Kirista, a ga yadda ya shiga harshen Hausa har ya iso arewacin Zamfara, watau yankin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, sa'an nan a dubi irin mutanen da aikin ya bi ta hannunsu. Za a tarar a cikinsu akwai tsohon mai fataucin bayi, da yaron da aka sayar a kasuwa, da malamin da ya rubuta nahawun Hausa alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, da samarin da suka ci mutuncin dattijon da ya yi jika da su, da wani likita mai zafin rai. Kirista suna da bayaninsu a kan yadda aikin kirki yake fitowa daga hannun irin waɗannan mutane. Suna kiran abin alherin Allah, suna kuma ɗaure shi da tuba. Ko mai karatu Kirista ne ko Musulmi, sanin wannan bayani zai taimake shi wajen fahimtar maƙwabcinsa. Daɗin daɗawa, tuba kalma ce da aka sha ambata a sha'anin tsaron Zamfara, saboda haka ya kamata a san nauyinta.

Ma'anar Tuba da Alheri a Wurin Kirista

Kalmomin nan biyu Hausa ta aro su ne daga Larabci. Tuba asalinsa komowa, watau mutum ya juyo daga hanyar da ya ɗauka. Alheri kuwa a bakin Bahaushe shi ne kyautar da aka yi maka ba don ka biya ba, ba kuma don kana bin mai kyautar bashi ba. Sa'ad da masu fassara suka zo juya littattafan Kirista zuwa Hausa, sun tarar da waɗannan kalmomi, tare da irin su zunubi da gafara da rahama, sun riga sun zauna daram cikin harshen saboda ɗaruruwan shekarun da malaman Musulunci suka yi suna karantarwa da su. Sai suka ɗauke su suka ɗora musu ma'anar aƙidarsu.

A aƙidar Kirista, ɗan Adam ba ya iya sayen yardar Allah da aikinsa. Allah ne yake fara neman mai zunubi, ya gafarta masa ta dalilin Yesu Almasihu, sa'an nan ya sa shi aiki. Tuba shi ne amsar da bawa yake bayarwa: ya amsa laifinsa, ya bar shi, ya gyara ɓarnar da ya yi gwargwadon iyawarsa. Littafinsu cike yake da misalai. Akwai Sarki Dawuda, wanda aka ce ya sa an kashe sojansa Uriya don ya auri matarsa, har Annabi Natan ya je ya faɗa masa gaskiya, shi kuwa ya tuba. Zabura ta 51 ita ce ake ɗauka addu'ar tubansa. A nan ya kamata a lura da wani bambanci, domin malaman Musulunci suna riƙe da cewa annabawa ma'asumai ne, ba su karɓi wannan labari yadda ya zo a littafin Kirista ba. Akwai kuma Bitrus, babban almajiri, wanda ya yi musun sanin Ubangijinsa har sau uku a dare ɗaya, amma aka mayar da shi makiyayin jama'a. Akwai Bulus, wanda ya fara da tsananta wa masu bi, ya ƙare yana rubuta wasiƙun da suka zama babban sashe na Sabon Alkawari. Akwai Zakka mai karɓar haraji, wanda ya ɗauki alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

Tun a ƙarni na huɗu aka yi babbar muhawara kan wannan batu a Afirka ta Arewa. Bayan tsanantawar da Sarkin Rum Diyokilishiyan ya soma a shekarar 303, wasu limaman coci sun tsorata, sun miƙa littattafansu an ƙone. Da ƙura ta lafa, sai wani ɓangare, mabiyan Donatus, suka ce baftismar da irin waɗannan limamai suka yi ba ta da inganci. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya tsaya a kan cewa aikin na Allah ne, tsarkin limami ba shi ne ke ba shi inganci ba. A taron Kartaj na shekarar 411 ra'ayin Agustin ya rinjaya. Za a ga wannan tsohuwar gardama ta sāke tasowa a bakin Kogin Kwara bayan shekaru kusan 1,500.

Mai Fataucin Bayi Cikin Masu Kafa Ƙungiya

Ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da C.M.S., ita ce ta ɗauki nauyin yawancin aikin da za a ba da labarinsa. An kafa ta a Landan ran 12 ga Afrilu, 1799. Cikin dattawan da suka kafa ta akwai John Newton, wanda aka haifa a shekarar 1725. A ƙuruciyarsa ya yi wa wani mai cinikin bayi aiki a gaɓar Saliyo, inda shi kansa ya sha wulaƙanci kamar bawa. A watan Maris na 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirgin da ke mayar da shi gida, ya roƙi Allah jinƙai, kuma har ƙarshen ransa yana ɗaukar wannan rana mafarin juyowarsa.

Abin mamaki shi ne bayan wannan rana ne ya zama shugaban jirgin bayi. Tsakanin 1750 da 1754 ya yi tafiya uku yana kwasar 'yan Afirka cikin sarƙa zuwa ƙetaren teku, yana karatun littafinsa a saman jirgi alhali mutane na mutuwa a ƙarƙashinsa. Ciwo ne ya raba shi da sana'ar a 1754. Ya zama limamin coci a 1764, amma sai a shekarar 1788 ya buga ɗan littafin da ya tona asirin wannan fatauci, ya amsa nasa laifin a bainar jama'a, ya kuma mara wa William Wilberforce baya a yaƙin da yake yi a majalisa. Watau shekara 40 ke nan tsakanin kukansa na cikin guguwa da cikar tubansa. Ya rasu a watan Disamba na 1807, bayan ya ga majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi a wannan shekara.

Dorugu da Schön

Mutumin farko cikin wannan tarihi da aka tabbatar ya taka ƙasar Zamfara yaro ne Bahaushe mai suna Dorugu. An haife shi wajen 1840 a ƙasar Damagaram, aka kama shi yana ƙarami aka sayar, ya yi ta sauya iyayengiji har ya faɗa Kukawa ta Barno. A can ne wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi, shi da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a watan Satumba na 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ɗauke su suka nufi Tambutu.

A watan Maris na 1853 ayarinsu ya tashi daga Katsina ya ratsa Zamfara. Sun bi ta Zurmi, sun yada zango a Badarawa, wadda ke ƙasar Shinkafi a yau, suka wuce ta Isa, suka keta dajin Gundumi, suka sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu yana shirin yaƙi da Gobirawa. Lokacin ƙasar ba ta zaune lafiya, hari da kamun bayi sun zama ruwan dare tsakanin Gobirawa da garuruwan da ke bin Sakkwato. Ba wanda ya ga yaron nan ɗan shekara goma sha uku a bayan raƙuma da zai ce bakinsa ne zai zama tushen rubutun Hausa na boko.

A shekarar 1855 Barth ya isa Landan tare da samarin biyu. A Ingila suka gamu da James Frederick Schön, Bajamushe ma'aikacin C.M.S., wanda ya koyi Hausa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo. Schön ya shiga ayarin jiragen da suka hau Kogin Kwara a 1841, tafiyar da zazzaɓi ya kashe kimanin sulusin Turawan cikinta, ya kuma buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Barth ya riga ya shirya mayar da samarin gida, amma Schön ya shawo kansu suka zauna wurinsa, abin da ya jawo ɓacin rai mai tsanani tsakanin Jamusawan biyu. An yi wa samarin baftisma a 1857. Abbega ya komo Afirka a wannan shekara, daga baya ya koma Musulunci, har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864.

Daga bakin Dorugu Schön ya samu mafi yawan abin da ya zuba cikin nahawunsa na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885, wanda ke ɗauke da tarihin rayuwar Dorugu da tatsuniyoyi. Da taimakonsa kuma ya fassara sassan Linjila da Littafin Farawa. Aikin yana da rauni a fili. Schön bai rarrabe tsakanin b da ɓ, ko d da ɗ, ko k da ƙ ba, Hausar kuwa ta yaro ce wanda ya bar gida tun bai gama ƙwarewa ba. Schön ya samu lambar girma a Faransa da digirin girmamawa a Okasfod, alhali Dorugu ya ƙare kwanakinsa yana ɗan koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Duk da wannan rashin daidaito, a kan harsashin da su biyu suka aza ne duk masu nazarin Hausa na baya suka yi gini.

Bishop Crowther da Samarin Lakwaja

Abokin tafiyar Schön a 1841 shi ne Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, wanda aka kama bawa a 1821, jiragen yaƙin Ingila suka ƙwace shi a teku a 1822 suka sauke shi a Saliyo. Shi ne ya buɗe mishan na Kogin Kwara a Anaca a 1857, aka kuma naɗa shi bishop a Kantabiri ran 29 ga Yuni, 1864, baƙar fata na farko da ya samu wannan muƙami a Cocin Ingila. Mutum ne mai haƙuri da sanin darajar sarakuna. Ya yi zaman mutunci da Etsu Nupe Masaba na Bida, yana kuma horon ma'aikatansa da su yi magana da Musulmi cikin ladabi.

Amma mishan ɗinsa ba ya rasa aibu. Tashoshin suna nesa da juna, kuɗi kaɗan ne, bishop kuwa yana da sanyin hannu wajen horo. Wasu ma'aikata sun shagala da kasuwanci, wasu da shaye-shaye. Mafi muni, a shekarar 1877 a Anaca wasu mutum biyu da ke da alaƙa da mishan sun yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta, ba a kuwa gurfanar da su gaban shari'a ba sai a 1882 a Saliyo.

A shekarar 1890 wasu samarin Turawa suka sauka Lakwaja ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Burinsu su shiga ƙasar Hausa. Sun sa riga da rawani, sun ci abincin ƙasa, sun ce ba su bukatar kariyar gwamnatinsu. Ba a shakkar sadaukarwarsu. Sai dai sun zo da aƙidar cewa ikilisiya dole ta zama tsarkakakkiya sarai, watau ra'ayin mabiyan Donatus ya dawo cikin sabuwar riga, an kuma gauraya shi da rainin baƙar fata wanda ya yi ƙarfi a Turai a wancan zamani. Suka shiga soke sunayen masu bi daga littafin coci, suna korar ma'aikata, mai laifi da marar laifi. A wani taron kwamiti da aka yi a Anaca a watan Agusta na 1890, sakataren mishan ya dakatar da Dandeson Crowther, ɗan bishop kuma babban limami, a gaban mahaifinsa. Dattijon da ya haura shekara 80 ya ajiye kujerarsa ta kwamitin. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Ƙarshen al'amarin ya zo da sauri. Robinson ya rasu a Lakwaja a tsakiyar 1891. Crowther ya kamu da shanyewar jiki, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Brooke ya bi su a watan Maris na 1892, bai kai shekara 30 ba. Babu ɗayan samarin da ya ga ganuwar Kano. Aka naɗa Bature a gurbin Crowther, ba a kuma sāke ba ɗan ƙasa riƙon lardin coci na kansa a Nijeriya ba sai cikin shekarun 1950.

Amma ga abin da ya fito daga wannan ɓarna. Don tunawa da Robinson aka kafa Ƙungiyar Hausa a Ingila, ita ce ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a watan Disamba na 1894. Ya tattara waƙoƙin ajami ya buga su a 1896, ya zama malamin Hausa a Jami'ar Kambirij, ya kuma fitar da ƙamus a 1899 da 1900. Wannan ƙamus ne aka dogara da shi har G. P. Bargery, wanda shi ma tsohon ma'aikacin C.M.S. ne, ya fitar da nasa babban ƙamus a 1934. Duk ɗalibin Hausa da ya buɗe Bargery a yau yana cin gajiyar wani aiki da ya tsiro daga kabarin mutumin da ya taimaka wajen karya zuciyar Crowther.

Likita Miller na Zariya

A watan Afrilu na 1900 Bishop Herbert Tugwell ya isa Kano da mutum huɗu, ba tare da gayyatar kowa ba. Sarkin Kano Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya rasu. Wannan ganganci ya ƙara wa Gwamna Lugga ƙarfin hujjar tsare 'yan mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi, musamman bayan alkawarin da ya yi a Sakkwato a watan Maris na 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addini ba.

Cikin mutanen Tugwell akwai Likita Walter Miller, wanda aka haifa a 1872, ya koyi Hausa a Tarabulus. A 1905 ya samu izinin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Ya iya Hausa ƙwarai da gaske, yana da ƙwazo da tausayin talaka, amma mutum ne mai kaifin harshe wanda ba ya ɗaukar shawara. Ya yi rigima da jami'an mulkin mallaka, ya yi da abokan aikinsa. Ya yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, sarkin da aka ba shi masauki a zamaninsa, kuma ƙararrakinsa na cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe sarkin aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924.

A 1913 wasu samari daga zuriyar Isawa suka zo wurinsa. Isawa mabiyan Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarun 1860, almajiransa suka watse zuwa Ningi da iyakokin Zazzau. Mishan ya tara su a wani sabon ƙauye mai suna Gimi, ƙarƙashin wani limami baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Ashe wurin da aka zaɓa matattarar ƙudan tsando ce. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, aka watse. Waɗanda suka tsira su ne suka zama ƙashin bayan jama'ar Wusasa sa'ad da aka fitar da mishan daga birni a 1929. Miller bai so wannan ƙaura ba, ya koma Kano, ya duƙufa kan fassara.

A shekarar 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Miller ne jagoran aikin, tare da ma'aikatan wasu mishan irin su Likita Andrew Stirrett na S.I.M., da malamai Hausawa waɗanda suka yi ta tace kalmomi ba a cika ambatar sunayensu ba. Daga ƙaramar jama'ar Wusasa kuwa aka samu Likita R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Miller ya rasu a Bukuru a 1952. Shekara biyar kafin haka ya buga wani littafi wanda sunansa tambaya ce, ko Turawa sun gaza a Nijeriya.

Yadda Littafin Ya Iso Ƙauran Namoda

Garuruwan arewacin Zamfara garuruwa ne masu tushe a jihadi. Ƙaura ta ci sunan Muhammadu Namoda, jarumin Alibawa wanda ya yi fice a yaƙin Alƙalawa na 1808, Zurmi kuwa mazaunin Sarkin Zamfara ne na wannan zuriya. Da yake suna cikin Lardin Sakkwato, dokar tsare 'yan mishan ta shafe su sosai. Sai cikin shekarun 1930 aka sassauta, aka bar S.I.M. ta karɓi aikin kula da kutare a wurare irin su Amanawa kusa da Sakkwato.

Saboda haka Kiristanci ya shigo wannan yanki ne ta hanyar dogo. A shekarar 1929 layin da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda, nan ya tsaya. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu daga ƙasashen Zurmi da Shinkafi da Isa. Tare da jirgin aka samu akawuna da direbobi da makanikai da 'yan kasuwa daga Kudu, suka kafa majami'unsu a sabon gari. Ba waliyyai ba ne, masu neman abinci ne kamar kowa, amma su ne suka fara tara jama'ar Kirista a wurin. A 1953 Cocin Katolika ya damƙa yankin Sakkwato da Katsina ga limaman Dominikan daga Amurka, Gusau ta zama babbar cibiyarsu. Tarzomar 1966 ta kori yawancin 'yan Kudu, wasu suka komo bayan yaƙin basasa. Daga baya ma'aikatan gwamnati da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka buɗe a Ƙaura a 1983 suka ƙara yawan masu ibada da Hausa, mutanen Filato da kudancin Kaduna da Zuru da Adamawa, waɗanda harshen Hausa ne ya haɗa su a majami'a ɗaya.

Tuban da Ya Makara

A watan Fabrairu na 2006 babban taron Cocin Ingila ya nemi gafara saboda hannun da cocin ya sa cikin bauta, har da gonakin rake da wata ƙungiyarsa ta mallaka a tsibirin Barbados. A ƙarshen watan Yuni na 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗin Crowther, Akbishop na Kantabiri na lokacin, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka yi naɗin ya amsa cewa cocinsa ya ci amanar Crowther, ya kira taron na godiya da tuba. Shekara 123 ke nan bayan rasuwar wanda aka zalunta. A watan Janairu na 2023 hukumar kula da dukiyar cocin ta yi alkawarin ware fam miliyan 100 saboda alaƙar dukiyarta da cinikin bayi. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2024 shi Welby kansa ya yi murabus, bayan wani rahoto ya nuna bai yi abin da ya kamata ba game da wani mutum da ya daɗe yana cin zarafin yara. Mai neman gafara a madadin wasu ya wayi gari yana bukatar tasa.

Kammalawa

Mai nazarin tarihi ba shi da ma'aunin da zai auna alherin Allah da shi, wannan sha'anin bangaskiya ne. Abin da zai iya nunawa shi ne littafin da miliyoyin mutane ke karantawa da Hausa, daga Jos har Maraɗi, ya bi ta hannun mutanen da kowannensu ke da tabo. Kirista yana duban wannan ya ce hujja ce cewa aikin ba na mutum ba ne.

Amma wannan aƙida tana da haɗari in aka karɓi rabinta aka bar rabi. Cewa Allah yana aiki da mai laifi ba ya mayar da laifi daidai. Ƙamusun Robinson bai share hawayen Crowther ba, ɗaukakar Wusasa kuma ba ta tayar da matattun Gimi ba. Shi ya sa ba a raba alheri da tuba, tuban kuwa yana da sharuɗɗa waɗanda Kirista da Musulmi suka haɗu a kansu: nadama, da barin laifin, da mayar da haƙƙi ga mai shi. Newton na 1748 ya yi nadama, amma bai saki sarƙa ba, sai Newton na 1788 ne ya cika sharuɗɗan.

Mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda sun san wannan bambanci fiye da kowa. Sun ga sulhun da gwamnatin jiha ta yi da 'yan bindiga a 2016, sun ga na 2019, sun ji an kira wasu tubabbu, sa'an nan sun ga hare-hare sun dawo. Kakanninsu sun riga sun raɗa wa irin wannan suna, tuban muzuru, kaza a baki. Ɗalibin da zai zama shugaba gobe da ma'aikacin da ke riƙe da amanar jama'a yau suna da darasi biyu a nan. Na farko, kada a jira sai an samu wanda ya cika goma kafin a ba shi aiki, domin samarin Lakwaja sun gwada haka sun rushe abin da aka yi shekara talatin ana ginawa. Na biyu, in hukuma ko mutum ya yi kuskure, ya amsa shi tun wanda aka zalunta yana da rai, ya kuma biya abin da ya ɓata.